Gilashi a Kan Tsagar Bango

Ɗalibai ne suka laƙaba masa suna Malam Dalili, sunan kuwa ya bi shi har tsufa, har ta kai matarsa ma da shi take kiransa idan ya ƙure ta. Asalin sunan ba ya bukatar dogon bincike. Mutum ne da ba ya iya ganin wani abu ya faru a sama ko a ƙasa ya ja bakinsa ya yi shiru. Walƙiya za ta haska, kafin tsawar ta iso ya riga ya ɗaga yatsa ya ce, "To, ga dalili." Idan raɓa ta kwanta a kan ciyawa, yana da bayani. Idan wata ya fito da zobe kewaye da shi, yana da wani. Shi da kansa yakan ce da yawan bayani na kisa, da tuni an manta inda kabarinsa yake.

A makarantar mishan ya kwaso cutar. An kai shi yana ɗan yaro, da gajeren wando mai sitaci da ƙafa ba takalmi. Makaranta ce irin ta da, mai dogayen bencina da ramin tawada a kowane tebur, ƙararrawarta wani tsohon ƙarfe ne da aka rataye a bishiya. A can aka koya masa ya rubuta harafi a miƙe a kan layi, ya ɓalla maɓallin riga har na wuya, ya kuma amsa tambaya da cikakkiyar jimla. Akwai wani tsohon malami mai yawan tari, wanda wata rana ya sa aka rufe tagogin aji duka, ya kunna fitila a kan tebur, ya soke lemo da ƙarfen saƙa, ya shiga juya shi a hankali. Rabin lemon na cikin haske, rabi na cikin duhu. Ya ɗiga tawada a jikin ɓawon ya ce, "Wannan ɗigon ku ne." Yaron ya zuba ido yana kallon ɗigon ya shiga duhu, ya zagayo ya fito. Da ya koma gida hutu, ya shaida wa kakarsa cewa rana ba ta faɗuwa, su ne suke juya mata baya. Kakar ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne.

Wannan darasi shi ya zame masa sana'a. Ya koyar da labarin ƙasa har gashinsa ya koma kalar alli. Yana da ƙwallon duniya guda ɗaya da ya lotsa ta wajen kudu saboda faɗowa daga kan kabad, kuma kowace shekara sai ya roƙi sababbin ɗalibai kada su ɗauka haka duniyar take. Cikar teku da janyewarta kuwa, da baho da faranti ya koyar da su: baho teku, faranti wata, shi kuma yana zagaya tebur yana nuna yadda wata ke jan ruwa zuwa gefensa. Bai taɓa ganin teku ba. "Ruwa mafi girma da na taɓa shiga," in ji shi, "shi ne wannan bahon, shi ma da ƙafa ɗaya, bisa kuskure." Ya koyar da dutse mai aman wuta, alhali ko hura gawayi bai iya ba.

Matarsa tela ce, mace mai ƙarancin magana da kaifin ido. Ran da ya fara raka ta hanya, an ɗauke ruwa ke nan, bakan gizo ya fito, ita ta ce kai, abin da kyau. Shi kuwa ya sa ta juya wa rana baya sosai, ya shiga gaya mata yadda haske ke shiga ɗigon ruwa ya lanƙwasa ya rabu kala-kala. Kafin ya gama bakan ya ɓace. Daga baya, da 'ya'ya suka tambaye ta abin da ya sa ta aure shi duk da haka, sai ta ce ta ɗauka bayanin zai ƙare wata rana.

Filin gida da rani ya saya, kuma bai nemi shawarar kowa ba. Abokan aikinsa sun sayi nasu inda kowa ke saya. Shi kuwa yawo ya kai shi ƙasa-ƙasa da gari, ya tarar da wani fili mai baƙar laka da ta bushe ta dare, tsaga ko'ina, wata ma hannun mutum zai shige har gwiwar hannu. Ya tsaya ya kasa tafiya. Abin da ya sha zanawa a allo ne, ga shi shimfiɗe a gabansa. Washegari ya kawo matarsa.

"Malam, wannan ƙasar ai a fashe take."

"Madalla, kin lura! Kin ga, laka ba kamar yashi ba ce. Ƙwayoyinta falle-falle suke, kamar shafukan littafi. Idan ruwa ya sauka sai ya kutsa tsakanin fallen, ƙasar ta kumbura. Idan rani ya yi, ruwan ya fita, sai ta tsuke ta dare. Ki zo da damina, ba za ki ga tsaga ko ɗaya ba."

"To gidan fa? A kan wanne za a ɗora shi, kumburin ko tsukewar?"

Ya ce tambaya ce mai kyau ƙwarai, irin wadda yake so ɗalibai su riƙa yi. Ya yaba mata sosai. Sannan ya sayi filin. Daga baya yakan ce mutane fili suke saya don su zauna, shi misali ya saya.

Gidan ɗaki uku ne da falo, da rufin kwano da 'yar baranda. Shekarun farko lafiya lau. Sai wata rana aka ga wani siririn layi ya taso daga kusurwar tagar falo, daidai inda take ajiye keken ɗinki, ya hau a karkace zuwa silin. Da rani sai ya buɗe, har hasken yamma ya riƙa ratsowa ya kwanta a kan tebur. Da damina ya rufe ruf, kamar ba a yi ba. Dalilin a wurin Malam a fili yake: ƙasar da ke gefen gida ita ke shan ruwa, ita ke shan rana, ta ƙarƙashin tsakiyar gida kuwa tana cikin inuwa, ba ta cika canzawa ba. Saboda haka gefuna su ɗaga da damina, su sauka da rani, tsakiya na nan zaune. "Numfashi gidan yake yi," in ji shi, "sau ɗaya a shekara." Har aji guda ya taɓa kwasowa zuwa falon, suka yi layi suna leƙa tsagar ɗaya bayan ɗaya, matarsa na tsaye da tsintsiya tana jira su fita.

Sauran numfashin ita ta san shi a jikinta. Ƙofar kicin takan cije da damina, sai an ɗaga ta an bangaje da kafaɗa. Suka kira kafinta ya fere ta. Rani na zuwa aka sami rata a ƙasa wadda ɓera ke wucewa ba tare da ya sunkuya ba, damina na dawowa ta sake cijewa ta sama. Keken ɗinki sai an sa masa kwali a ƙafar hagu rabin shekara, a mayar dama sauran rabin. Da rani takan cusa ƙyallaye a tsagar saboda iska da ƙwari, idan kuwa ta manta ba ta cire ba kafin ruwa ya zauna, bango ya riƙe su ke nan sai baɗi. A haka suka yi renon 'ya'ya, a haka 'ya'yan suka girma suka watse, Malam ya yi ritaya, ya rage daga shi sai ita sai tsagar.

Rigimar ta taso ne a ƙarshen wani dogon rani, da wani ɓaɓɓakon filasta mai faɗin faranti ya ɓalle daga saman bango ya faɗo kan kujerar ɗinki. Allah ya taimaka ta tashi ɗebo ruwa. Babbar 'yarsu ma'aikaciyar jinya ce, tana zaune da mijinta a wani gidan bene a can ɗaya gefen gari, ta daɗe da gyara wa iyayen ɗaki tana lallashi su koma. Wannan karon ba lallashi ta zo yi ba. Da magini ta zo.

Maginin ya zagaya gidan ciki da waje, ya ƙwanƙwasa nan, ya sa yatsa can, ya dubi fuskar 'yar, ya dubi ta Malam, yana neman inda zai fi tsira.

"To, Baba, gini dai ya tsage."

"Wannan ko jikata ta sani. Tambayar ita ce, rushewa yake yi ko kuwa?"

"Ai Baba, rushewa ta Allah ce."

"Ka ji ko, Baba?" in ji 'yar. "Ku haɗa kaya."

"Me na ji, Uwata? Mutumin bai ce komai ba." Haka yake kiranta tun tana goye, ita kuwa ta ɗauki muƙamin da gaske. "Gidan nan a cikinsa kika yi wayo, kuma bai taɓa faɗo wa kowa a ka ba."

"Ya faɗo wa kujerar Mama."

"Kujera ba mutum ba ce."

"Saura ƙiris ta zama mutum. Baba, ni ba bayani na zo ji ba. A wurin aiki idan muka ce majiyyaci ya sami sauƙi, awo muke nunawa. Ina naka awon?"

Nan ta kama shi, ba tare da ta sani ba. Da kuka ta yi masa, ko faɗa, da ya san yadda zai ɓullo mata. Amma awo! Idonsa ya yi haske. Ya tuna wata dabara da ya karanta a wani tsohon littafi tun yana makarantar horon malamai, dabara mai sauƙi, mai tsabta, wadda ya daɗe yana sha'awar gwadawa bai sami hanya ba. A sami siririn gilashi, a gitta shi a kan tsagar, a manne kowane gefe da siminti. Gilashi ba ya miƙewa, ba ya lanƙwasa, ba ya kara. Muddin bango ya motsa, ko da kaurin gashi ne, zai karye.

"Idan ya karye fa?" in ji ta.

"To bango na motsi. Babu gardama."

"Idan ya karye kafin ƙarshen damina, kun tashi. Ka yarda?"

"Na yarda. Ga magini shaida."

Maginin ya ce shi dai siminti zai kwaɓa.

Daga jikin firam ɗin takardar shaidarsa ta malanta aka ciro gilashin, don shi ne mafi siranta a gidan. Malam ya kai wa mai yankan gilashi aka yanka masa sala-sala, ya zaɓi mafi kyau, ya adana sauran a aljihun tebur. Shi ya tsaya a kan maginin har aka manna shi daidai, a miƙe, ba karkata. Ya ja da baya ya kalle shi, ya ji wani daɗi da rabonsa da ji tun yana shiga aji. 'Yar ta ɗauki hoto da waya ta tafi.

Yana wanke hannu a bakin famfo abin ya faɗo masa. Ya tsaya da sabulu a hannu. Ya shigo falo a hankali ya zauna.

"Uwargida."

"Na'am."

"Bangon nan ai motsi yake yi. Duk shekara. Ni na faɗa."

"Kai ka faɗa. Har yara ka kawo suka gani."

"To gilashin ai dole ya karye. Ko gidan zai ga jikokin jikokinmu a tsaye, dole ya karye. Gwajin da na kawo ba ya bambanta numfashi da mutuwa." Ya dafe kai. "Na ɗana wa kaina tarko, na kira shaida, na kuma tsaya na tabbatar ya ɗanu daidai. Kin ji lokacin da nake faɗa?"

"Na ji."

"Me ya hana ki tsayar da ni?"

"Malam, wa ya taɓa tsayar da kai kana tsakiyar bayani?"

Ya yi tunanin ya kira 'yar ya ce a sake sharaɗi. Amma wanda ya yi shekara da shekaru yana gaya wa yara ba a canza tambaya bayan an raba takardar jarrabawa, da wane baki zai faɗa?

Sai ya koma yaƙi da damina. Mutumin da a da yake fitowa baranda ya tarbi hadari kamar baƙon arziki, yana nuna wa maƙwabta yadda iska mai ɗumi ke hawa sama ta huce ta zama gajimare, yanzu ko ɗan ƙaramin gajimare ya hango sai ya shiga neman dabara. Dabararsa ita ce, idan laka ba ta sha ba, ba za ta kumbura ba. Ya haƙa 'yar kwata kewaye da gida, bayansa ya riƙe, ya kwanta, ya tashi ya ƙarasa. Ya shimfiɗa leda da tsofaffin buhuna a gindin bango ya danne da duwatsu. Ya jera bokitai a ƙarƙashin indararo. Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Malam, ƙasa kake riƙe wa laima?" Ya ce eh, kuma ya san ƙasar ta fi laimar faɗi.

Ruwan farko ya sauka, gilashi bai yi komai ba. Na bayansa ma haka. Malam ya san dalili: busasshiyar laka ba ta sha da gaggawa. Ruwan farko tsagogin fili yake bi ya gangara, sai daga baya danshi ke ratsowa ta gefe, ta ƙarƙashin leda, ta ƙarƙashin kwata, ta ƙarƙashin duk wata dabara ta tsohon malami. Ya san haka sarai. Duk da haka ya fara sa rai, kamar wanda bai taɓa buɗe littafi ba. Kullum da safe, kafin ya wanke fuska, yakan sa tabarau ya je ya gai da gilashin. Ya hana a rufe ƙofa da ƙarfi. Ya roƙi matarsa ta rage taka keke, ta ce to, ta ci gaba. 'Yar takan bugo waya ta ce, "Baba, yaya majiyyacinmu?" Ya ce yana nan garau, a gai da mutanen bene.

Ranar da ya karye ba a yi ruwa ba. Gari ya waye tas, an ci abincin rana, yana gyangyaɗi a kujera, ita tana saka zare a allura. Sai suka ji ƙas, ɗan sauti kamar an karya tsinke. Ya tashi ya je. Gilashin ya rabu biyu a karkace, ɓarin da ke wajen kusurwar gida ya ɗan ɗara ɗan'uwansa hawa.

"Zo ki gani!" in ji shi. "Gefen waje ne ya ɗaga! Daidai yadda na faɗa, daidai! Kin ga karkatar?"

Yana cikin murnar ya ji abin da bakinsa ke faɗa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

Sannan ya je ya jawo aljihun tebur. Sauran gilasan na nan a naɗe cikin jarida, tsawonsu ɗaya da wanda ya karye. Akwai ragowar siminti a sito. Ya ɗauko kwano a kicin, ya zuba, ya ɗiga ruwa, ya shiga juyawa da cokali. Mutumin da bai taɓa ƙara wa ɗalibi rabin maki don tausayi ba, ga shi yau zai yi satar jarrabawa, a jarrabawar da shi ya tsara.

"Uwargida, idan yarinyar nan ta tambaya..."

"Ba zan ce komai ba. Manna abinka." Ta ciji zare. "Sai dai wannan ma zai karye, ko?"

"Zai karye."

"Sai ka sa wani. Za su kai ka ƙarshen damina?"

"Watakila."

"To." Ta ajiye ɗinkin a cinya. "Malam, tunda aka fara maganar nan ka tambayi magini, ka tambayi littafi, ka tambayi gilashi. Ni ba ka tambaye ni ba."

Cokalin ya tsaya. Ya ƙare rayuwarsa yana amsa tambayoyi, har da waɗanda ba a yi masa ba, yin tambayar ne bai saba ba. Ta fito masa a karkace.

"To ke... me kike so?"

"Ina son ƙofar da zan tura da yatsa ta buɗe. Kafaɗar nan tawa ta gaji, da ita nake buɗe kicin tun ina da ƙarfi. Ina so in zauna ɗinki ba ina ɗaga kai ina duba silin ba. Ba na ƙin gidan nan, a nan na yi goyon 'ya'yana, kowane lungu na san shi. Na kuma yarda da kai, watakila ba zai faɗi ba. Amma kai da dalili kake kwana, ni da watakila nake kwana."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Na ga kana jin daɗin tsagar. Mijin wata tantabaru yake kiwo, na wata ƙwallo yake bi, nawa tsaga yake kiwo. Na ce a bar shi, ai ba ta cin hatsi."

Ya yi 'yar dariya. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, suna kallon bangon. Ya so ya faɗi wata magana mai nauyi, irin wadda ta dace da mace bayan zaman shekaru masu yawa, ya laluba ya tarar duk abin da ke kansa game da laka ne. Ko da ya tuna da kwanon, simintin ya fara daskarewa, cokalin na tsaye a ciki.

"Kwanon miyata ne," in ji ta.

Ya ɗauki waya da kansa.

"Uwata, majiyyacinku ya cika."

"Baba! Kuna lafiya? Mama fa?"

"Lafiya lau muke, gilashin nake nufi. Gwajin ya yi kyau ƙwarai, ban taɓa ganin wanda ya fita tsaf kamarsa ba. Malamin ne ya faɗi. Ki turo mota idan hanya ta bushe."

Da alama gardama ta shirya wa, ba ta samu ba. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, gaya mini yadda ya karye." Ya san don ta faranta masa ne. Ya gaya mata duk da haka, tun daga farko.

Yanzu a bene suke. Tsohon gidan wani mai sayar da katako ke ajiye kaya a ciki, yana nan a tsaye har yau, Malam kuwa ba ya bari a manta da hakan. Ba a daɗe da komawarsu ba ma'aikatan ruwa suka zo suka haƙa dogon rami a bakin titi za su sa bututu. Malam ya sauka da sandarsa, ya tsaya a bakin ramin, ya roƙi a miƙo masa dunƙule ɗaya daga can ƙasa. Ya murza, ya jiƙa da yawu ya sake murzawa, ya shinshina. Ya hawo a hankali, yana hutawa a hanya.

"Yaya?" in ji matarsa.

"Tsakuwa ce da yashi. Ba ta kumbura, ba ta tsukewa. Haka take tun kafin a haife mu, haka kuma za ta zauna." Ya zauna a bakin gado yana kakkaɓe tafi. "Ƙasa ce da ba ta da abin faɗi ko kaɗan."

"Mun gode Allah," in ji ta. "Je ka wanke hannu."